Idan jini ya ƙi ɗaukewa bayan allurar tazarar haihuwa, ga abinda za ki yi

Assalamu alaikum 'yan'uwa mata. Na daɗe inaso in zauna in rubuta maganar nan don kusan kullum sai an min ita, wata a wajen aiki, wata a gidan biki ta ja ni gefe tana magana ƙasa-ƙasa, wata kuma sai dare ya raba zata turo saƙo, "Anti dan Allah tunda nayi allurar nan yau kwana ashirin kenan jini bai ɗauke ba, ko mahaifata ce ta samu matsala?" Wallahi abun yana taɓa ni sosai, musamman in naji mace ta kai wata biyu wata uku tana fama ita kaɗai, ba sallah, ba kwanciyar hankali da maigida, ta rame ta yi fari, alhali da ta dawo tun sati na biyu da tuni an taimaka mata.

Farko dai ki san wacce allura aka miki, don mata da yawa in ka tambaye su sai suce "ta wata uku" ko "ta wata biyu" shikenan. Ta wata ukun nan da ake yi a ɗuwawu ko a dantse ita ce Depo-Provera, duk sati 13 ake maimaita ta. Akwai ƙanwarta Sayana Press, 'yar ƙarama da ake yi a ƙarƙashin fata a cinya ko a ciki, wadda har ake koya ma mace ta riƙa yi ma kanta a gida, maganin cikinsu ɗaya ne sai dai na Sayana bai kai yawan na Depo ba, ita ma wata uku ce. Sai ta wata biyu, Noristerat, duk sati 8. Ki duba katinki na asibiti, a rubuce yake da ranar da aka miki. In baki da kati, ko a kemis aka miki ba'a rubuta komai ba, toh ki zauna ki tuna ranar ko da da lissafin wani biki ko suna ne, don ita ce tambayar farko da za'a miki.

Me yasa ma take kawo jinin? Dukansu ukun sinadari dangi ɗaya suke ɗauke da shi, mai kama da wanda jikin mace yake fitarwa bayan ƙwai ya fito. Yana hana ƙwai fita, yana sa majinar bakin mahaifa ta yi kauri maniyyi ya kasa wucewa, sannan yana sa shimfiɗar cikin mahaifa ta zama siririya. Toh wannan na ukun shine tushen maganar. A al'ada ta yau da kullum shimfiɗar nan tana yin kauri cikin wata, sai ta zube gaba ɗaya a kwana biyar ko bakwai, ki yi wanka ki huta. Amma da allura a jiki shimfiɗar bata samun yin kaurin, kuma 'yan ƙananan jijiyoyin jinin dake jikinta sun zama marasa ƙwari, sai wannan ta ɗan fashe yau ta tsatsafo, gobe waccan, shi yasa zaki ga jinin ba tsari, yau ɗigo-ɗigo, gobe baƙi-baƙi kamar tsohon jini, jibi ya ɗauke har kiyi wanka, da la'asar kuma ya dawo. Ba ciwo bane ya fito a mahaifa, ba ruɓewa take yi ba, kuma baya hana haihuwa nan gaba. Yafi yawa a allura ta farko da ta biyu, wato wata uku zuwa shida na farko, daga nan yakan yi ta raguwa, har ma in an kai shekara kusan rabin masu yin Depo basa ganin al'ada kwata-kwata. Shi ma ɗaukewar ba wai jini ne yake taruwa a ciki ba kamar yadda ake ta faɗa a unguwa, babu shimfiɗar da zata zube ne kawai.

Abu na farko da zaki yi da kanki, tun kafin ki je ko'ina, ki fara ƙirga. Ki samu kalanda ko bayan katin nan naki ko ki rubuta a waya, kullum ki sa alama, yau ɗigo ne, yau sosai ne, yau babu, fad nawa kika canza, cika take yi ko taɓawa kawai, akwai gudaji ko babu. Na san wata zata ce meye amfanin wannan wahalar, toh amfaninsa babba ne, don in kin zo kince "jini yana ta zuba" ma'aikaciya bata san ko ɗigo bane ko ambaliya, kuma maganinsu ba ɗaya ba. Ma'aunin da muke amfani da shi mai sauƙi ne, in ya wuce kwana 8 a jere, ko yawansa ya ninka abinda kika saba gani sau biyu, ya shiga sahun wanda ake dawowa asibiti akansa. Ɗigon da ko fad baya ɓatawa sosai, in bai dame ki ba, ba dole sai an sha magani ba, amma in ya dame ki ma kina da haƙƙin ki dawo, kar ki bari wani yace miki "ai haka take yi, je ki haƙura" ya sallame ki ba tare da ya saurare ki ba.

Akwai kuma wanda ba'a jira gari ya waye akansa, dan Allah ki karanta nan da kyau. In fad tana cika taf cikin awa ɗaya, kin canza ta sake cika, har awa biyu a haka, ko gudaji manya-manya suna faɗowa, ko kina jin jiri in kin miƙe, idonki na ganin duhu, zuciya na bugawa fat-fat, numfashi na miki wuya daga ɗan tafiya zuwa banɗaki, ko kin suma, a tafi asibiti yanzu, babban asibiti in akwai kusa. Haka in ciwon mara mai tsanani ya taso musamman ta gefe ɗaya, don ciki a wajen mahaifa haka yake zuwa da ɗan jini da ciwo, kuma yana kisa in aka yi wasa. Haka in akwai zazzaɓi da ruwa mai wari yana fita. Waɗannan ba aikin allura bane, wani abu ne daban ya shigo.

Sannan ko ba gaggawa, akwai jinin da bana yarda in jingina ma allura kai tsaye. Wadda ta yi shekara ɗaya ko biyu tana allura al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, kwatsam sai jini ya ɓalle. Wadda duk lokacin da suka sadu da maigida sai taga jini bayan nan. Wadda tun kafin allurar dama jininta ya rikice. Wadda ta haura shekara 40. Waɗannan sai an duba bakin mahaifa da ido, don kansar bakin mahaifa da jini kaɗan-kaɗan take fara sallama, kuma abun baƙin ciki mata da yawa sai suce ai filanin ne, su zauna, har lokaci ya ƙure.

In kin je, ki koma sashen da aka miki allurar in zai yiwu, ki tafi da katinki da lissafin da kika yi. Abinda ya kamata a miki, a yi gwajin ciki ko da kuwa kina ganin ba zai yiwu ba, don wata da ƙaramin ciki aka mata allurar ba'a sani ba, wata kuma ta makara sosai wajen dawowa, jinin da take gani na ɓari ne. A auna hawan jini. A duba yawan jininki, wanda ake ce ma PCV. A tambaye ki ko akwai ƙaiƙayi, ruwa, zafin fitsari ko zafi lokacin saduwa, don sanyin da ake ɗauka ta saduwa yana sa bakin mahaifa ya riƙa jini, in shine toh ke da maigida za'a yi ma magani tare, in akwai abokiyar zama ita ma. In an ga da buƙata a tura ki sikanin a duba ko akwai ƙarin mahaifa, wato faibroid. Ki faɗi duk maganin da kike sha kar ki ɓoye, na asibiti da na gargajiya da na mata, musamman asfirin ko maganin tsinka jini.

Toh in an duba komai lafiya, allurar ce kawai, sai maganar magani. Wanda aka fi farawa da shi dangin maganin ciwon jiki ne. Littafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar ma masu aikin tazarar haihuwa ya ambaci mefenamic acid, wanda wasu suka fi sani da Ponstan, 500mg sau biyu a rana bayan an ci abinci, na kwana 5. Wasu wuraren ibuprofen suke bayarwa, gidansu ɗaya. Kwana biyar ɗin nan fa kwana biyar ne, ba wai ki mayar da shi abincin kullum ba, kuma ba'a shan sa da yunwa. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, da mai asma da irin magungunan nan ke tayar mata, ba nasu bane, ki faɗa tun kafin a rubuta. Kar kuma ki haɗa biyu lokaci ɗaya, ace ga Ponstan ga ibuprofen ga diclofenac wai don yafi saurin aiki, cikinki kawai zaki ƙona. Farasitamol kuma baya tsayar da jini, ciwo kawai yake ragewa.

In wannan bai yi ba, ko jinin yana da yawa, sai a koma ga ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu, irin wadda ake sha kullum. Na san abun zai ba wata mamaki, ace filanin ya kawo jini kuma a ƙara miki wani filanin, amma hikimar ita ce ƙwayar tana ɗauke da sinadarin estrojin, wanda shine yayi ƙaranci a shimfiɗar mahaifar, in ya samu sai shimfiɗar ta yi ƙwari jijiyoyin su daina tsatsafowa. Yawanci kwali ɗaya ake bayarwa, ƙwaya ɗaya kullum na kwana 21, wani lokaci likita ya ƙara har zuwa wata uku. In kin gama zaki iya ganin jini na 'yan kwanaki kamar al'ada, wannan ba komai. Sai dai nan ne nake roƙonku kar wadda ta karanta ta wuce kemis ta siya, don estrojin ba na kowa bane. Mai hawan jini, mai ciwon ɓarin kai irin wanda ido ke ganin walƙiya ko gani ya dushe kafin ya taso, wadda jini ya taɓa daskare mata a ƙafa ko huhu, wadda ta taɓa shanyewar ɓarin jiki, mai ciwon hanta mai tsanani, mai kansar nono, mai shan taba ko shisha da ta kai shekara 35, duk ba'a basu. Mai shayarwa ma da jaririnta bai kai wata shida ba ana kauce mata, kuma kin san yawancin masu zuwa allura masu goyo ne, shi yasa dole sai an zauna an yi tambayoyi an auna ki.

Akwai kuma tranexamic acid, shi aikinsa taimaka ma jini ya daskare a inda yake fita, na 'yan kwanaki ake bayarwa, likita ne zai yanke adadin, kuma wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya ba'a bata.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa miki tun farko, waɗannan magungunan tsayar da jinin wannan karon suke yi, basa canza halin allurar. Zai iya ɗaukewa sati uku ya sake dawowa, in ya dawo ki sake komawa, ba wai maganin bai yi ba ko an cuce ki. Lokaci ne yake gyara shi a hankali, magani kuma yana sama miki sauƙi kafin lokacin yazo.

Abinda nake gani yana cutar da mata kuwa shine yawon neman "allurar tsayar da jini". A je kemis a ɗura ma mace bitamin K, ko allurar da ake yi ma mai jego don mahaifa ta tsuke bayan haihuwa, wadda ke iya harba hawan jini sama, ko a miƙo mata Primolut, ƙwaya mai sinadari dangin na allurar, ace ta yi ta sha ba lissafi, in ta daina jini ya ɓalle fiye da da. Wata kuma a ɗora ta kan Flagyl da ampiclox wata guda ba'a ma gwada an ga sanyi ba. Mafi muni wadda za'a ce sai an mata wankin ciki, a karɓi kuɗinta a kankare mahaifar da dama siririya ce. In ba ɓari aka gani ba ko wani dalili da likita ya nuna miki a sikanin, wannan jinin baya buƙatar wankin ciki. Haka jiƙe-jiƙe da matsi da cusa abubuwa a gaba, da kama ruwa da Dettol ko gishiri ko alif, dan Allah a bari, ruwa mai tsafta ya isa, a waje kawai. Ki riƙa canza fad akai-akai ko bata cika ba, in ƙunzugu kike amfani da shi ki wanke da sabulu ki shanya a rana ya bushe ƙarau, kar ki ɓoye shi a ɗaki da danshi don kunya, daga nan ƙaiƙayi da gogewar cinya ke farawa.

Maganar ƙarin jini kuma, matanmu da yawa dama a ƙarancin jini suke, haihuwa kusa-kusa, ga shayarwa, ga maleriya, sai kuma wannan ya zo ya ɗora. Ki karɓi ƙwayar ƙarin jini, 'yar ja ɗin nan da ake bayarwa a awo, ki sha yadda aka ce kuma ki ɗore, ba kwana uku ki ajiye ba, watanni ake yi kafin jiki ya mayar da abinda ya rasa. Zata iya sa bayan gida yayi baƙi ko yayi tauri, ba matsala bane, ki yawaita ruwa. Kar ki kora ta da shayi ko madara, suna hana jiki ɗaukarta, gara ki bada tazarar awa biyu, in da lemon zaƙi ko gwaiba ki haɗa da su. A abinci kuma hanta, ƙoda, nama, kifi, wake, zogale, alayyahu, ganyen ugu, gwargwadon abinda Allah ya hore. Maltina da madarar gwangwani da ake ta haɗawa daɗi ne da ƙarfin jiki na ɗan lokaci, amma kuɗin da zaki sa a ciki in kika sai hanta ko wake da zogale yafi miki amfani nesa ba kusa ba.

Sai sallah, wadda wallahi ita ce tafi tayar ma mata hankali fiye da jinin kansa, nasha ganin wadda ta yi kwana arba'in bata kai goshinta ƙasa ba tana kuka tana cewa allura ta raba ta da ibada. 'Yar'uwa ba duk jini bane haila. A abinda muka karanta a Islamiyya cikin Ahalari, mace mai al'ada sananniya in jini ya zarce mata zata ƙara kwana uku akan kwanakin da ta saba, matuƙar bai wuce kwana 15 ba, daga nan ya zama jinin ciwo, istihala, zata yi wanka ta yi sallah ta yi azumi, mijinta ma ya halatta gare ta. Kuma hadisin Fatima 'yar Abu Hubaish sananne ne, ta kawo kuka wajen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa jini baya ɗauke mata, ko ta bar sallah, ya ce mata a'a, wannan jijiya ce ba haila ba. Inda lissafin ke rikicewa shine mai zuwa yana ɗaukewa, yau akwai gobe babu, nan ki ɗauki kalandar nan taki ki kai ma malama ko malamin da kika yarda da iliminsa ya lissafa miki, kinga ta yi miki amfani biyu kenan.

Maigida kuma, in da saninsa kika yi, ki zaunar da shi ki masa bayani tun wuri, in da hali ku je asibitin tare yaji daga bakin ma'aikata, don maza da yawa da sun ga jini ya wuce sati biyu sai tsoro ya kama su suce a daina kawai, ga 'yan'uwa na zuga ana cewa ai dama an faɗa. Ta ɓangaren lafiya saduwa a cikin ɗigon nan bata da illa in ba ciwo kike ji ba, kuma allurar tana nan tana aikinta, jinin ba alamar ta daina kare ki bane. Na kuma san akwai waɗanda suka yi ba tare da kowa ya sani ba, kowacce da dalilinta, jinin nan shi yake neman tona su musamman in ranar girki ta zagayo, shi yasa suke ƙin dawowa. Ki dawo dan Allah, ki faɗa ma ma'aikaciyar halin da kike ciki, riƙe sirrinki wajibi ne a kanta, kuma sanin hakan zai sa ta taya ki zaɓen abinda ya dace da zamanki.

In kuma kin gaji kince ke kam kin haƙura da allurar, ra'ayinki ne, babu mai tilasta miki. Amma ki sani ba'a cire ta daga jiki, babu wani ƙarin ruwa ko maganin wanko ta, wanda duk yace zai wanke miki kuɗinki yake so, sai dai ta ƙare da kanta, kuma jinin zai iya ci gaba da wasa na ɗan lokaci bayan nan. Al'ada da ɗaukar ciki sukan ɗan yi jinkirin dawowa bayan Depo, a matsakaici wajen wata goma daga allurar ƙarshe, wata ƙasa da haka wata har ta haura shekara, amma fa kar ki dogara da wannan in baki shirya ciki ba, don wata da lokacin ya wuce take ɗauka. Ki zaɓi wata hanyar kafin ranar allurarki ta gaba ta cika. Ashanar hannu, wadda ake sakawa a ƙarƙashin fatar dantse, ita ma tana rikita jini, don haka ba lallai ki huta ba. Robar mahaifa mai jan ƙarfe takan ƙara yawan al'ada, mai ƙarancin jini sai ta yi tunani. Robar mahaifa mai sinadari ita kuma rage jini take yi bayan watannin farko, in akwai ta a inda kike ki tambaya. Ƙwayar kullum mai sinadari biyu tana daidaita al'ada ga wadda ba'a hana ta ba kuma bata mantuwa.

In kuma kin yanke zaki ci gaba, ki je a ranar da aka rubuta miki ko da jinin na zuba, ba sai kin jira ya ɗauke ba, mata da yawa nan suke kuskure har lokaci ya wuce. Depo da Sayana ana iya yinsu sati biyu kafin ranar, in kuma kin makara ana miki har zuwa sati huɗu, Noristerat kuwa sati biyu ne kacal, in ya wuce haka sai an tabbatar babu ciki sannan a miki, kuma ku yi amfani da kwandom ko ku ƙaurace ma juna na kwana bakwai kafin ta kama jiki.